Yaro a Ƙarƙashin Tuta: Tarken Shigar Danmak da Ficewarta daga Gasar Waƙar Yara ta Turai

Tsakure

Wannan maƙala ta ɗauki ƙasar Danmak a matsayin misali wajen tarken gasar waƙar yara ta ƙasashen Turai da ake kira Junior Eurovision. Danmak ce ta ƙirƙiro tsarin gasar, ita ta karɓi baƙuncin zagayen farko a shekarar 2003, kuma ita ce ta janye bayan zagaye uku kacal, alhali ba ta sha kaye ba. Maƙalar ta bi diddigin dalilin janyewar da sauye-sauyen da dokokin gasar suka samu a bayanta, sannan ta auna su da mizanin wilaya da maslaha a fiƙihun Musulunci. Abin da nazarin ya kai gare shi shi ne, babbar illar gasar tana cikin wakilci, inda ake ɗora wa yaro sunan ƙasa tun bai isa ɗaukar nauyin kansa ba.

1.0 Gabatarwa

A ranar 15 ga Nuwamba, 2003, yara daga ƙasashe 16 suka hau dandamali a birnin Kwapanhagan, kowa da waƙarsa, kowa da tutar ƙasarsa. Tarayyar Kafofin Watsa Labarai ta Turai, wato EBU, ita ta shirya taron, aka kuma haska shi kai tsaye a gidajen talabijin na ƙasashen da suka shiga. Wani yaro ɗan shekara 11 daga Kuroshiya, Dino Jelusić, shi ya zo na ɗaya. Daga wannan dare gasar ta zama ta shekara-shekara.

Mai karatu zai iya tambayar me ya kawo gasar waƙar Turawa cikin mujallar nazarin addini. Amsar ita ce, gasar ta tayar da tambayar da malaman fiƙihu suka daɗe suna yi: wane ne yake da haƙƙin sarrafa al'amarin yaro, kuma da wane sharaɗi? Saɓanin malamai a kan hukuncin kayan kiɗa sananne ne. Mafi yawan malaman mazhabobi huɗu sun tsananta, Ibn Hazm ya sassauta, Imam al-Gazali kuma ya yi wa mas'alar rabe-rabe a cikin Ihya'u Ulumiddin. Wannan maƙala ta ajiye wannan saɓani a gefe da gangan, domin ko da a ce an cire kiɗan baki ɗaya, tambayar da ta shafi yaron tana nan daram.

2.0 Yadda Danmak ta Haifi Gasar

A shekarar 2000 gidan rediyo da talabijin na ƙasar Danmak, DR, ya shirya gasar waƙa ta yara a cikin gida, wadda daga baya ta shahara da sunan MGP. Tushenta ɗaya ne: yaro ya tsara waƙarsa da kansa, ya rera ta da harshen ƙasarsa. Shirin ya karɓu, har a 2002 aka faɗaɗa shi ya haɗa da Norwe da Suwidin. Daga nan EBU ta ɗauki tsarin ta mayar da shi na nahiya.

Dokokin farko sun riƙe ruhin da Danmak ta fara da shi. An iyakance shekarun masu shiga tsakanin 8 da 15. An shar'anta cewa yara ne za su tsara waƙar, kuma wanda ya riga ya zama mawaƙi na sana'a ba zai shiga ba. Manufar ita ce a ji abin da ke cikin zuciyar yaro da bakinsa.

Danmak ta shiga sau uku. A 2003 Anne Gadegaard ta zo ta biyar. A 2004, a garin Lillehammer na Norwe, wata ƙungiyar yara mai suna Cool Kids ta sake kawo mata matsayi na biyar. A 2005, a garin Hasselt na Beljiyam, Nicolai Kielstrup ya zo na huɗu. Wannan jeri yana da muhimmanci ga hujjarmu, domin ya toshe zargin cewa haushin faɗuwa ne ya kore ta. Ƙasar da ba ta taɓa sauka ƙasa da matsayi na biyar ba, ita ce ta tattara nata ya-nata kafin zagayen 2006.

Ba ita kaɗai ta fita ba. Gidan talabijin na gwamnatin Norwe ya bi sahu, haka ma na gwamnatin Suwidin, ko da yake wani gidan talabijin mai zaman kansa ya ci gaba da kai Suwidin gasar na wasu shekaru. Dalilin da aka bayar ya ta'allaƙa ne ga yadda ake mu'amala da yaran da irin matsin da ke kansu. Ƙasashen uku suka farfaɗo da gasarsu ta yanki, MGP Nordic, daga 2006 zuwa 2009. Har zuwa rubuta wannan maƙala Danmak ba ta koma ba.

3.0 Abin da ya Biyo Bayan Janyewar

Hanya mafi adalci ta auna matakin Danmak ita ce a duba inda gasar ta dosa bayan fitarta. A 2007 aka cire sharaɗin da ya hana ƙwararrun mawaƙa yara shiga. A 2008 aka halatta wa manya su taimaka wajen tsara waƙoƙin. Cikin shekara biyu, ginshiƙai biyu da aka kafa gasar a kansu sun faɗi. Da zarar babba ya shigo da alƙalaminsa, gidan talabijin ya shigo da kuɗinsa, mai koyar da rawa da mai ɗinki suka shigo da ƙwarewarsu, abin da ya rage wa yaro shi ne maƙogwaro da fuska. Waƙar ta koma saƙon manya da aka ba yaro ya isar.

Su kansu masu shirya gasar sun san akwai rauni. Daga 2005 zuwa 2015 sun riƙa ba kowane ɗan takara maki 12 kyauta tun kafin a fara ƙidaya, don kada wani yaro ya tashi da sifili a gaban duniya. Tausayi ne, babu shakka. Amma kuma iƙirari ne cewa allon maki da ake jera ƙasashe a kansa, daga ta ɗaya zuwa ta ƙarshe, abu ne mai iya karya zuciyar ɗan shekara goma. An yi wa ciwon shafe-shafe, an bar abin da ke jawo shi.

Akwai wani tufka da warwara da ya fi wannan. A babbar gasar Eurovision ta manya, wata 'yar shekara 13, Sandra Kim, ta ci wa Beljiyam kofi a 1986. A 1989 Faransa ta kawo 'yar shekara 11, Isra'ila ta kawo ɗan shekara 12. Sukar da ta biyo baya ta sa daga 1990 aka kafa dokar mafi ƙarancin shekaru, wadda ta tsaya a kan 16. Ke nan EBU ta yarda cewa dandamalin wakiltar ƙasa ya fi ƙarfin yaro. Bayan shekara 13 sai ga shi ta gina wa yaran dandamali mai siffa iri ɗaya, da tuta, da ƙidayar maki ƙasa bayan ƙasa. A 2016 aka mayar da shekarun shiga tsakanin 9 da 14. A 2017 aka buɗe zaɓe ta intanet wanda ke ɗauke da rabin sakamako, aka kuma bar mai kallo ya zaɓi ƙasarsa, abin da babbar gasar ba ta yarda da shi ba. Wannan ya ƙara mayar da lamarin gangamin kishin ƙasa.

4.0 Nauyin Tuta

Idan yaro ya riƙe tuta, duk abin da ya sami tutar zai same shi. Misalai uku sun isa.

Na farko, tagwayen nan 'yan Rasha, Anastasiya da Mariya Tolmachevy, sun ci gasar yara a birnin Bukarest a 2006 suna da shekara 9. A watan Mayun 2014 aka turo su babbar gasar suna da shekara 17, makonni kaɗan bayan Rasha ta haɗe yankin Kirimiya. 'Yan kallo suka yi ta yi wa sunan ƙasarsu ihun ƙyama, su kuwa suna zaune kyamara na kan fuskokinsu. Abin ya faru ne a Kwapanhagan, garin da aka haifi gasar yaran. 'Yan matan ba su tura soja ko'ina ba, amma su aka gani, su suka sha.

Na biyu, a 2020 Armeniya ta riga ta zaɓi yarinyar da za ta wakilce ta, mai suna Maléna, sai yaƙi ya ɓarke tsakaninta da Azarbaijan a kan yankin Nagorno-Karabakh a ranar 27 ga Satumba. Aka kafa dokar soja, ƙasar ta janye. A shekara mai zuwa aka sake turo yarinyar, ta kuma yi nasara a birnin Paris ranar 19 ga Disamba, 2021, tana da shekara 14. Ba za a musa wa al'ummar da ta fito daga yaƙi farin cikinta ba. Sai dai mai nazari zai tambaya: da ta zo ta ƙarshe fa, wane irin nauyi za ta koma gida da shi? Da aka kai gasar birnin Yerevan a 2022, Azarbaijan, wadda ta shiga a shekarar da ta gabata, ba ta je ba.

Na uku, Belarus da Rasha, kowacce ta ci gasar sau biyu. An kori gidan talabijin na gwamnatin Belarus daga EBU a 2021, na Rasha kuma aka dakatar da su a 2022 bayan mamayar Yukiren. Ko mutum ya ga dacewar matakin ko bai gani ba, sakamakonsa ɗaya ne: an rufe wa yaran ƙasashen ƙofa saboda aikin gwamnatocinsu. Wannan ya tabbatar da cewa wanda ake gayyata gasar gidan talabijin ne da ƙasar da ke bayansa. Yaron ɗan aike ne.

5.0 A Mizanin Fiƙihu

Malaman usulu sun rarrabe tsakanin cancantar samun haƙƙi, wadda ɗan Adam yake da ita tun haihuwa, da cancantar zartar da al'amari, wadda ba ta cika sai da balaga da hankali. Yaro mai wayo, wanda fuƙaha'u suke kira mumayyizi, yana tsakiya. Malaman Hanafiyya musamman sun kasa ayyukansa gida uku: abin da amfani ne tsantsa, kamar karɓar kyauta, wannan ya inganta, abin da cutarwa ce tsantsa, wannan bai inganta ba ko da waliyyi ya yarda, da abin da ke tsakanin riba da hasara, wanda ya rataya ga izinin waliyyi. Fitar da yaro a gaban miliyoyin masu kallo, a naɗi hotonsa a ajiye a intanet har abada, mafi kyawun zaton da za a yi masa shi ne yana cikin kashi na uku. Saboda haka cewa yaron ne da kansa yake so ba ta isa hujja ba. Ɗan shekara tara yana son tafi da kyauta, amma bai san abin da shahara ke yi wa mutum ba, bai kuma san yadda zai ji in ya kai talatin ana yawo da hoton kukansa ba.

Shi ma izinin waliyyi ba sakakke ba ne. Ƙa'idar da malamai suka tabbatar ita ce, duk wanda aka ba jiɓintar al'amarin wani, tasarrufinsa yana ɗaure da maslahar wanda yake jiɓinta. Aya ta 152 a Suratul An'am ta hana kusantar dukiyar maraya sai ta hanyar da ta fi kyau. In haka shari'a ta tsare dukiyar yaro, to mutuncinsa da natsuwarsa da shekarun ƙuruciyarsa sun fi cancantar tsaro. Tambayar da za a yi wa kowace irin wannan gasa ke nan: maslahar wa ake nema? Gidan talabijin yana samun masu kallo. Ƙasa tana samun suna da damar karɓar baƙi. Kamfanin faifai yana samun haja. Rabon yaro shi ne mafi ƙanƙanta, kasadarsa kuma ita ce mafi girma. Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin yara ta 1989 ta zo da makamancin wannan a sashe na 3, inda ta fifita maslahar yaro a kan komai da ya shafe shi. Sashe na 31 ya ba shi haƙƙin wasa da shiga harkokin al'ada, na 32 kuma ya kare shi daga a ci da guminsa. Gasar tana kafa hujja da na 31, tana kau da kai daga na 32.

Hadisai biyu suna ƙara haskaka batun. Bukhari da Muslim sun ruwaito daga Nana A'isha, Allah Ya yarda da ita, labarin 'yan mata biyu da ke rera waƙoƙin yaƙin Bu'as a ɗakinta ranar idi. Sayyidina Abubakar ya tsawata, Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce a ƙyale su saboda ranar idi ce. A wata ruwaya Nana A'isha ta yi ƙarin bayani cewa 'yan matan ba mawaƙa ne na sana'a ba. Abin lura shi ne siffar wurin: cikin gida, ranar farin ciki, babu alƙali, babu kofi, babu wanda aka ce darajar Ausu ko ta Khazraju tana rataye a muryarsa. Bambancin da Uwar Muminai ta yi tsakanin mai rerawa don nishaɗi da mai yi don sana'a shi ne dai bambancin da dokar 2003 ta so riƙewa, dokar 2007 ta saki.

Na biyu shi ne labarin Abdullahi ɗan Umar, wanda ya gabatar da kansa ranar Uhudu yana da shekara 14 aka mayar da shi, ya dawo ranar Khandaƙ yana da 15 aka karɓe shi. Halifa Umar ɗan Abdul'aziz ya ɗauki wannan a matsayin iyaka tsakanin yaro da babba. Dandamalin waƙa ba fagen fama ba ne, kuma ba ƙiyasin hukunci muke yi ba. Darasin da ake ɗauka shi ne, a lokacin da al'umma take tsananin buƙatar mutane, an ƙi ɗora wa ɗan shekara 14 nauyinta duk da shi ne ya nema. Shekara 14 kuwa ita ce iyakar sama ta masu shiga gasar da muke magana a kanta.

6.0 Inda Danmak ta Dace da Inda ta Gaza

Adalci ya wajabta a faɗi abin da masu goyon bayan gasar suke kafa hujja da shi. Dokarta tana neman mafi yawan baitocin waƙa su kasance da harshen ƙasa, wanda hakan ya sa aka ji harsunan Jojiya da Armeniya da Albaniya a gidajen da ba a taɓa jin su ba. Ƙananan ƙasashe irin su Malta, wadda ta ci a 2013 da 2015, sun sami abin alfahari. Yaran kuma suna haɗuwa da takwarorinsu, suna ƙulla abota. Waɗannan fa'idoji ne na gaskiya. Sai dai in an duba su da kyau, biyun farko na ƙasa ne, na ukun kuma ana iya samun sa ba tare da allon maki ba.

Danmak ta dace a abu biyu. Ta gane cewa sharaɗin yaro ya tsara waƙarsa shi ne garkuwarsa, domin waƙar da ɗan shekara goma ya tsara ba za ta wuce hankalin ɗan shekara goma ba, ta kuma ci gaba da riƙe wannan sharaɗi a gasarta ta cikin gida. Sannan ta iya barin abin da ta haifa a lokacin da yake kawo mata suna, wanda ba kowace hukuma ke iyawa ba.

Ta gaza a abu uku. Na ɗaya, ficewarta ta tsirar da yaranta ne kawai. Ta bar teburin da ake tsara dokoki, dokokin kuwa suka sassauta nan da nan bayan tashinta. Na biyu, MGP ɗin da ta koma wa ita ma gasa ce ta talabijin, mai fitar da zakara da taurari da faifan sayarwa. An sauke wa yaro tuta, an bar masa kyamara. Na uku, mizaninta ya tsaya ga matsin da yaro ke ji, bai kai ga abin da ake sa shi ya faɗa ba. Waƙar da ta ci a 2003 ta soyayyar fari ce. Wadda ta ci a 2004, daga bakin 'yar Sifaniya María Isabel mai shekara 9, sunanta ma yana nufin gara mutuwa da rashin ado. Ita kanta waƙar Danmak ta wannan shekara, sunanta iƙirarin mallakar budurwa ne. Duk waɗannan an yi su ne a lokacin da dokar yara su tsara da kansu take aiki. Ashe yaro yana iya riƙe alƙalami amma ya rubuta abin da kasuwar manya ta cusa masa. Tsare alƙalamin bai wadatar ba in ba a tsare abin da ke shiga kunne ba, kuma a nan ne tarbiyya ta wuce abin da dokar gasa za ta iya yi.

7.0 Kammalawa

Tarihin Danmak a wannan gasa gajere ne, daga 2003 zuwa 2005, amma ya nuna yadda shiri mai kyakkyawar niyya ke sauya hali da zarar an haɗa yaro da tuta da kyamara. Hukuncin wannan maƙala shi ne, janyewar daidai ce, ko da yake dalilinta bai kai zurfin da ya kamata ba.

Hausawa sun ce laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Mu ma muna tura yara musabaƙar Alƙur'ani da sunan makaranta da jiha da ƙasa. Abin da ake gasa a kansa mafi daraja ne, babu haɗi tsakaninsa da waƙa ta kowace fuska. Amma yaron da ke tsaye gaban alƙalai yaro ne, zuciyarsa kuma irin ta kowane yaro ce. Ƙa'idar wilaya ba ta faɗuwa saboda darajar abin da ake karantawa. Don haka ya kamata duk mai shirya gasar yara, da malamin da ya horar, da uban da ya sa hannu, su iya amsa tambayoyi biyu kafin a buɗe taro: wa zai amfana in yaron nan ya ci, kuma wa zai tarbe shi a tasha in ya faɗi? Allah ne Mafi sani.